Yadda Mutanen Amurka Ke Fid Da Ruwa Daga Famfon Yayyafi Kafin Ɗari

Manomin lambu a ƙasar Hausa, da hunturu ya kama ya san lokacin ban ruwa ya yi. Sai ya fito da injinsa, ya shimfiɗa tiyo, ya nufi fadama. To, a arewacin Amurka da Kanada al'amarin a juye yake. Su can watan Oktoba shi ne watan rufe ruwa, wanda kuwa ya yi nawa har sanyi ya riga shi, sai ya wayi gari bututunsa sun tsage a cikin ƙasa.

Mutanen ƙasashen nan suna da al'adar shuka ciyawa a ƙofar gida don ado kawai, su riƙa aske ta da inji, ba akuya ba tunkiya. Makiyayi ya ga wannan sai ya riƙe baki. Ciyawar tana son ruwa da zafi, saboda haka sukan binne bututun roba a ƙarƙashinta, zurfin inci 6 zuwa 12, su dasa kawunan famfo nan da can. In an sako ruwa kawunan su ɗago daga ƙasa su yi ta yayyafi kamar ruwan sama, in an rufe su koma su ɓuya. Akwai agogon lantarki a jikin bango mai buɗe ruwa da rufewa. Akan raba filin yanki yanki, kowane yanki da bawul ɗinsa, gama ruwan gida ba ya isa ya ta da kawunan duka gaba ɗaya. Irin kan famfon nan mai juyawa yana ƙas-ƙas, wani manomin lemo ne na Glendora a jihar Kalifoniya, Orton Englehart, ya ƙago shi cikin 1933, kamfanin Rain Bird ya shiga ƙera shi. Watau daga gona abin ya fito kafin ya shiga gidajen birni.

Abin da ke kawo ɓarnar sananne ne ga duk mai sayar da ƙanƙara. In ya cika kwalba fal ya toshe, ya sa a firji, da safe sai ya tarar ta fashe. Ruwa in ya daskare yana ƙaruwa da wajen kashi 9 cikin 100, watau mudu 11 na ruwa ya koma mudu 12 na ƙanƙara. Wannan mudu ɗaya da ya ƙaru dole ya sami wurin zama. A cikin bututu kuwa, ƙanƙara takan fara toshe wuri guda, ta yi ta tura sauran ruwan gaba, shi kuma ba shi da mafita don bawul a rufe yake. Ƙarfin matsin nan shi ke tsaga roba, har da tagulla.

Mai karatu ya iya cewa, ai a cikin ƙasa suke, ina sanyi zai same su? A jihar Minesota ƙasa kanta takan daskare ta yi tauri kamar dutse, har dokar gini ta jihar ta ce harsashin gida ya nutsa inci 42 a kudancinta, inci 60 a arewa, don ya wuce inda sanyi ke kaiwa. Bututun da ke kwance a inci 10 ba shi da wata kariya. Babban abin haushin kuwa shi ne ba a ganin ɓarnar sai bayan wata biyar ko shida, ranar da aka sake sako ruwa, ƙofar gida ta zama taɓo, a kama tonon neman inda ya tsage.

Aikin fari shi ne rufe babban famfon da ke ba filin ruwa, wanda galibi yana cikin ɗakin ƙarƙashin gida inda sanyi ba ya shiga. Kana a kashe agogon. Wanda filinsa ke da gangara, an kuma sa masa magudana a wurare masu kwari, sai ya buɗe su ruwa ya tsiyaye da kansa. Waɗansu magudanan ma da kansu suke buɗewa da zarar ƙarfin ruwa ya faɗi. Amma bututu ba ya kwanciya sambal a ƙasa, ko'ina akwai ɗan lanƙwasa da ruwa ke maƙalewa, don haka a wuraren da sanyi ya yi tsanani ba a dogara da tsiyaya kaɗai. Iska ake hurawa.

Nan ne aikin ke son hankali. Injin iskar irin na masu facin taya ne, sai dai babba, har akan ja shi a bayan mota. Yawan iskar ake bukata, ba ƙarfinta ba. Ƙaramin inji iskarsa sai ta bi ta saman ruwan ta fice, ruwan ya koma ya kwanta a kwari, mai gida yana tsammanin ya gama. Ƙarfin kuma yana da iyaka. Baƙar roba mai lanƙwasuwa ba a wuce mata 50 a geji, farin bututu mai tauri ba a wuce masa 80. Tayar ƙaramar mota wajen 32 take sha, to mai karatu ya kwatanta.

Sai an buɗe bawul na yanki guda tukuna a saki iska, gama in aka hura alhali ko'ina a rufe, wani abu zai fashe. Akan fara da yankin da ya fi nisa ko ya fi tudu. Kawunan su ɗago, su fesa ruwa, sa'an nan ya koma feshi kamar hazo. Da an ga haka sai a wuce yanki na gaba. Ba a barin iska a yanki guda fiye da minti 2, don iska tsura tana zafafa roba, ƙananan haƙoran da ke juya kan famfon kuma da ruwa suke sanyaya, in babu shi sai su cinye. Gara a zagaya sau biyu ko uku gajere gajere da a yi dogon huri sau ɗaya. Mai aikin yakan sa tabarau na kariya, ba ya kuma tsayawa a kan famfo, don kan da ya ƙwace da ƙarfin iska ya isa ya tsiyaye wa mutum ido. Shi ya sa da yawa sukan ɗauki masu sana'ar. A biranen kamar Denba, inda sanyin fari kan sauka tun farkon Oktoba, masu injin iska ba su da hutu cikin watan nan, wanda bai kama layi da wuri ba sai ya yi ta duban sama.

Akwai wani ƙarfen tagulla da akan kafa a waje jikin bango, mai hana ruwan fili komawa cikin ruwan sha na gida. Shi ne mafi tsada, shi ne kuma ke fara fashewa, don a sarari yake. Ba a hura iska ta cikinsa, a gabansa ake ɗaura tiyon. In an gama sai a buɗe 'yan ƙananan bakunansa ya tsiyaye, a bar hannuwan bawul ɗinsa a karkace, rabi buɗe rabi rufe. In aka rufe su ruf, ɗan ruwan da ya maƙale a bayan ƙwallon bawul ɗin ya isa ya tsaga shi.

Manyan manoma ma ba su tsira ba. Masu masara a Nebraska, da ke ban ruwa da doguwar na'urar nan mai tayoyi da ke zagaya gona, wadda Frank Zybach ya sami takardar mallakar ƙirarta cikin 1952, su ma sukan tsiyaye bututu da injin ɗaga ruwa bayan girbi. Mutanen kudu ne sukan sake, don sanyi bai saba kai musu ba. Cikin Fabrairu 2021 ɗari mai tsanani ya sauka a Teksas, bututu suka farfashe a gidaje ba iyaka, mutane suka yi kwanaki ba ruwa.

A Kano ko Sakkwato, kome tsananin hunturu, ruwa ba ya daskarewa a bututu. Abokin gāban injin fadama shi ne tsatsa da laka, lokacin ajiyarsa kuwa farkon damina. Akwai ɗan noti a gindin tukunyar injin, wanda in an kwance shi ruwan da ya saura yake zuba. A ɗauraye cikin da ruwa mai tsabta, a juye sauran fetur daga tanki da kafireto don kada ya yi danƙo, a naɗe tiyo a rataye a inuwa inda ɓera ba zai kai gare shi ba.