Ko Ka Sani? Gyatsar Saniya Ma Auna Ta Ake Yi

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa mayankar Oko-Oba da ke Agege ya ga yadda mahauta ke farke tumbin sa. Da wuƙa ta shiga sai tururi mai ɗumi ya taso, a juye tulin ciyawar da ba ta gama narkewa ba, a wanke tumbin tas a miƙa wa Yarbawa masu neman shaki. To wannan tumbin da ake wankewa, shi ne masana yanayi a faɗin duniya suka zuba wa ido.

Cikin saniya ɗaki huɗu ne. Babban ɗakin, a jikin ƙaton sa, yana iya cin lita ɗari ko fiye, kuma cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ne ke ruɓar da ciyawa har ta zama abincin da jiki zai amfana da shi. Garin wannan aiki wasu daga cikinsu ke fitar da iskar metan, wato dai irin iskar da ke cikin CNG da ake ɗura wa motoci yanzu a Legas. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da ke bugun hanci a mayanka na wasu abubuwa ne daban.

Mutane sukan ɗora laifin fitar da metan a kan tusa, amma an yi wa tusa ƙazafi. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na iskar ta baki da hanci take fita. Saniyar da ka gani kwance tana tuƙa, gyatsa take yi a hankali, dare da rana, ba ƙara ba hayaniya. Damuwar ita ce, kilo ɗaya na metan yana riƙe zafi kamar kilo 28 na iskar kabon idan aka auna a kan shekara ɗari, ko da yake metan ba ta daɗewa a sama, wajen shekara 12 take yi ta watse.

Yaya ake auna gyatsa? Tsohuwar hanya ita ce a kulle dabba a wani ɗaki na 'yan kwanaki, a riƙa gwada iskar da ke shiga da wadda ke fita. Awo ne mai kyau, sai dai saniyar da ta saba yawo ba ta cin abinci yadda ta saba idan an tsare ta. Akwai kuma wata na'ura mai suna GreenFeed da ake ƙerawa a Amurka, wadda dabara ce ta kama ɓarawo da kwaɗayinsa. Kamar komin dusa take. Saniya na cusa kai, na'urar ta karanta lambar da ke maƙale a kunnenta, ta zubo mata ɗan abinci. Tana ci, fanka na zuƙe numfashinta zuwa ma'auni. Minti kaɗan an gama, anjima kwaɗayi ya sake dawo da ita.

Abin da ya sa zancen ya shafe mu: a taron yanayi na Glasgow a 2021, Nijeriya ta shiga sahun ƙasashen da suka yi alkawarin haɗa hannu a rage metan ta duniya da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Ƙasar da ba ta auna nata shanun ba, alƙaluman kwamitin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya take ara. Jadawalinsa na 2006 ya ƙiyasta wa saniyar Afirka da ba ta tatsa ba kilo 31 a shekara, ta madara a Arewacin Amurka kuwa sama da kilo 120. Lamba ɗaya ke nan ga Bunaji da Rahaji da Bokolo, da ta Sakkwato da ta Habasha, damina da rani. Kowane dillali a kara ya san wannan kuɗin goro ne.

Shi ya sa cibiyar Mazingira ta hukumar binciken dabbobi ta ILRI a Nairobin Kenya ta shiga auna shanun nahiyar da kanta. Cikin abin da ta gano akwai wanda makiyayi zai gane nan take: bijimin da yunwa ta kama ya fi fitar da metan a kan kowane kilo na abincin da ya ci. Dama iskar nan abinci ce da ta salwanta, tsakanin kashi 2 zuwa 12 cikin ɗari na ƙarfin abin da dabba ta ci yana tafiya a gyatsa, bai zama nama ba, bai zama nono ba.

Don haka ramammen san da ya sha wuyar bazara yana tsintar busasshen kara, ya ɗauki shekaru kafin ya kai hawa tirelar Legas, kowane kilo na namansa ya fi tsada ga sararin sama a kan na san turke da aka yi wa kiwon harawa da dusa da kowar wake, aka sauke shi a Oko-Oba ana saura mako guda Babbar Sallah.