Rumbun Ajiya na Cikin Kwamfuta da Windows Ke Ɗauka Tamkar Filash

Ina zaune a shagon wani mai ɗaukar hoto ina jiran a wanke mini fasfo, sai yaron shagon ya gama tura wa wata mata hotunan bikin ƙanwarta a filash. Ya kai linzami can ƙasa kusa da agogo, inda ake latsawa kafin a zare filash, sunaye biyu suka fito, ya danna na sama ba tare da ya duba ba. Da ya koma zai buɗe aikin da ke gabansa, sai ya tarar babu rumbun D gaba ɗaya. Nan ne ma'ajiyar hotunan shagon na shekara da shekaru, na suna da na aure da na saukar karatu.

Maigidan ya miƙe tsaye. "Kai, me ka taɓa?"

"Wallahi Oga, filash ɗin Hajiya kawai na cire."

Na ce masa, "Maigida, kwantar da hankalinka, a kashe ta a sake kunnawa." Aka yi haka, rumbun ya dawo da kayansa cif, ko hoto ɗaya bai ɓata ba. Sai a lokacin ya faɗa mini cewa wannan ne karo na uku, kuma wani mai gyara ya riga ya ce masa rumbun ne ya fara mutuwa, sai an sayi sabo an sake ɗora Windows. Wannan magana ce ta dame ni, don rumbun lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne an yi wa ƙofar da yake ciki laƙabin da ba nata ba, Windows kuma ta gaskata laƙabin.

Asalin lamarin yana cikin yadda aka ƙera mahaɗin da ake kira SATA. Waɗanda suka buɗe kwamfutocin da can za su tuna wata faffaɗar waya mai kama da ɗamara, mai ramuka 40, wadda ake haɗa rumbu da madabod da ita. Wannan ba a taɓa ta sai an kashe wuta. A 2003 SATA ya fito da siririyar waya mai haƙora 7 ta bayanai da wata mai haƙora 15 ta lantarki, kuma tun a zanensa an yi tanadin cire rumbu da mayar da shi alhali na'ura tana aiki. Idan ka ɗauki rumbu ka ƙura wa bakinsa ido a wuri mai haske, za ka ga haƙoran ba tsawonsu ɗaya ba, wasu sun ɗan ɗara sauran. Dogayen su ke fara taɓawa idan ana cusa shi, don a samu hanyar sauke lantarki kafin sauran su haɗu, kada tartsatsi ya ƙona wani abu. Manyan cibiyoyin ajiyar bayanai ne suka fi bukatar wannan, inda rumbu kan lalace a tsakiyar aiki kuma ba zai yiwu a kashe na'urar da dubban mutane ke amfani da ita don a musanya shi ba.

A 2004 kamfanin Intel ya fitar da ƙa'idar AHCI, wadda ta tsara yadda manhaja za ta yi magana da ƙofofin SATA. A shekarar ne kuma aka daidaita eSATA, wato ƙofar SATA da ake fitarwa bayan akwatin kwamfuta don rumbunan waje. A ƙarƙashin AHCI kowace ƙofa tana da ɗan wurin da ake rubuta halinta: akwai alamar da ke cewa ana iya zare abin da ke wannan ƙofa ana cikin aiki, akwai kuma wadda ke cewa ƙofar ta waje ce. BIOS, wato manhajar da ke zaune a jikin madabod wadda ke fara farkawa kafin Windows, ita ke cike waɗannan alamomi duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Windows ba ta da idon da za ta leƙa cikin akwati ta ga rumbun a ɗaure da sukurori huɗu. Abin da BIOS ta faɗa mata shi take ɗauka. In an ce ƙofar ta waje ce, sai ta sa rumbun a jeri ɗaya da filash. Kamfanin Microsoft da kansa ya yi wannan bayani a takardarsa ta taimako mai lamba KB3083627.

A wajenmu akwai dalilin da ya sa abin ya yawaita. Galibin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu da na hoto da na tace fim na hannu ne, an kuma yi musu ƙari. Mai laftof ya ga ba ya amfani da wurin saka faifan DVD, sai a zare masa shi a sa wani ɗan akwati da masu gyara ke kira kadi, a zura tsohon rumbunsa a ciki, a sa SSD a babban gurbi don sauri. Dabara ce mai kyau kuma mai sauƙin kuɗi. To amma a laftof da yawa na ofis, irin su ThinkPad masu gurbin Ultrabay da tsofaffin Latitude na Dell, an yi wannan gurbi ne musamman don a riƙa zare abin da ke ciki ana musanyawa ba tare da an kashe na'ura ba. Saboda haka duk rumbun da ya zauna a can zai gaji wannan hali. A kwamfutar tebur kuwa, sau da yawa madabod ce ta zo da zaɓin cire rumbu ana aiki a kunne, ko wanda ya harhaɗa ta ya kunna shi bai sani ba.

Gaskiyar magana, haɗarin bai kai yadda yake tsorata mutane ba. Rumbun C, inda Windows take zaune, ko ka danna a cire shi ba za ta yarda ba, don tana amfani da shi. Rumbu na biyu ne kan fita, shi ma sai in babu wani fayil nasa a buɗe. Kuma umarnin cirewa ba ya goge komai, hasali ma aikinsa shi ne ya tabbatar duk abin da ke jiran a rubuta ya sauka a kan rumbu kafin a sallame shi. Asarar da nake gani tana zuwa ne daga maganin da firgici ke jawowa: a yi fomat, a sayi rumbun da ba a bukata, a kwana biyu shago a rufe. Wanda aka sake ɗora wa Windows saboda wannan matsala zai kunna kwamfutarsa ya tarar da sunan rumbun yana nan a jerin, domin alamar ba a cikin Windows take ba.

Shi ya sa gyaran ya kamata ya fara daga BIOS. Ana shiga ne da zarar an kunna kwamfuta, kafin tambarin Windows ya fito: yawancin madabod na tebur da maɓallin Del ko F2, Dell da F2, HP da F10. A nemi sashen da ke ɗauke da sunan SATA ko Storage. A can za a ga ƙofofin a jere, kowace da zaɓin Hot Plug a ƙarƙashinta, wasu kamfanoni kuma su rubuta External SATA ko eSATA. A mayar da na ƙofar rumbun zuwa Disabled, a adana, a fita. Aikin minti biyu ne.

Sai dai akwai wani layi a wannan shafi da nake roƙon kowa ya bari yadda ya same shi, shi ne wanda ke nuna AHCI ko IDE ko RAID. Wasu kan ba da shawarar a mayar da shi IDE, wato tsohon tsarin, kuma lallai sunan rumbun zai ɓace daga jerin tunda IDE bai san cirewa ana aiki ba. Amma Windows da aka ɗora a kan AHCI tana iya ƙin tashi sam, ta tsaya a shuɗin allo da rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Ko ta tashi, an rage wa SSD kuzarinsa a banza.

Laftof da yawa ba su da zaɓin Hot Plug a BIOS ɗinsu. Shawarar Microsoft ta farko ita ce a duba ko kamfanin da ya ƙera na'urar ya fitar da sabuwar BIOS. Shawara ce mai kyau, amma inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, ni ba na son a taɓa wannan sai da cikakken batir ko UPS, don in wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta BIOS, madabod ɗin na iya ƙin tashi kwata-kwata. Ya fi sauƙi a gaya wa Windows kai tsaye ta yi watsi da laƙabin.

Ga yadda ake yi. A buɗe Device Manager, a shiga Disk drives, a danna sunan rumbun da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Properties. A shafin farko, wajen Location, za a ga rubutu kamar Bus Number 1. Wannan lamba ita ce lambar ƙofar, a rubuta ta a takarda. Sannan a buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, a rubuta wannan a layi ɗaya, idan Windows 8 ce ko 10 ko 11:

reg add "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\storahci\Parameters\Device" /f /v TreatAsInternalPort /t REG_MULTI_SZ /d 1

Lambar ƙarshe ita za a musanya da wadda aka gani. Ma'anar umarnin ita ce direban storahci, wanda ke kula da ƙofofin SATA, ya ɗauki wannan ƙofa a matsayin ta ciki ko da BIOS ta ce akasin haka. Sai an sake kunna kwamfuta zai fara aiki. Wani wuri da mutane ke tuntuɓe: idan rumbuna biyu ne ke da matsalar, maimaita umarnin da sabuwar lamba yana goge ta farko. Abin yi shi ne a buɗe regedit, wato manhajar gyara rajistar Windows inda umarnin ke rubutu, a bi hanyar da ke cikin umarnin har zuwa TreatAsInternalPort, a rubuta kowace lamba a layinta. Kafin a canja komai a rajistar, a latsa Export a ajiye kwafin wurin.

Windows 7, wadda Microsoft ta daina tallafa wa tun 14 ga Janairun 2020 amma har yau tana aiki a shaguna da dama, direbanta msahci ne. A can ana ƙirƙirar TreatAsInternalPort a ƙarƙashin Services\msahci\Controller0\Channel1, a matsayin DWORD mai daraja 1, lambar da ke bin Channel ita ce ta ƙofar.

Idan an yi duk wannan sunan bai ɓace ba, a koma Device Manager a duba direban da ke riƙe da ƙofofin. In na Intel Rapid Storage Technology ne ko na AMD, to ba storahci ke aiki ba, abin da aka rubuta masa kuma ba mai karantawa. Ko dai a sabunta wancan direba daga kamfanin na'urar, ko a koma kan Standard SATA AHCI Controller na Windows, muddin ba a haɗa rumbunan a tsarin RAID ba.

Akwai wata matsala mai kama da wannan da ake yawan cakuɗa su. A 'yan ƙananan kwamfutoci da ake sa wa katin CompactFlash ko SD a matsayin rumbu, katin ne da kansa ke shaida wa Windows cewa shi abin cirewa ne, ta wata alama da ke jikinsa. Ana gane bambancin a This PC: rumbun SATA da aka yi wa kuskuren laƙabi yana nan da sunansa Local Disk, katin kuwa yakan fito a matsayin Removable Disk. Umarnin da ke sama ba ya taɓa irin wannan.

A shagon mai hoton ba mu kai ga rajista ba. Madabod ɗinsa ta ASUS ce, muka latsa Del, muka tarar da Hot Plug a kunne a kan duka ƙofofin, muka kashe na ƙofofi biyun da rumbunansa ke ciki. Da Windows ta tashi, ya ce da yaron ya sa filash ya gwada. Yaron ya kai linzami kusa da agogo ya danna, suna ɗaya ya fito.