Aikin Hoto a Karatun Farko na Yaron Bahaushe

Koyar da yara ta hanyar hoto daɗaɗɗen al'amari ne. Tun a shekarar 1658 wani malami mai suna Komeniyus ya wallafa littafinsa Orbis Pictus, inda ya jera zane-zanen abubuwan duniya, kowanne da sunansa. Sai dai fahimtar hoto ita kanta koyonta ake yi. Binciken da Judy DeLoache da abokan aikinta suka buga a 1998 ya nuna cewa jariri ɗan wata 9 yakan kai hannu ya kama abin da ke cikin hoto, tamkar zai ɗauke shi daga takarda. Zuwa wata 19 kuwa sai ya koma nuni da yatsa, domin ya gane cewa hoto wakilin abu ne kawai.

Ga yaron Bahaushe, hoto yana da wani aiki na musamman wanda manazarta harshe ne suka fi cancanta su lura da shi. Kamar yadda aka sani, rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Idan aka rubuta "gari", babba zai duba sauran jimla ya san ko mazaunin mutane ake nufi ko niƙaƙƙen hatsi. Yaron da ke haɗa baƙi da wasali bai kai nan ba tukuna, kalma ɗaya tilo ce a gabansa. Haka "kuka" take, tsakanin itaciya da zubar da hawaye. To, a nan hoto ke cike giɓin da rubutu ya bari: da ganin katuwar bishiya mai 'ya'ya a rataye, bakin yaro zai furta kalmar da karinta daidai, ba tare da an yi masa dogon bayani ba.

Saboda haka, a ganina, malami ya fara da nuna hoto, yara su faɗi sunan abin da bakinsu, kana ya rubuta a allo. Daga baya ya raba musu katuna, su haɗa kowace kalma da hotonta. Dabarar tana aiki ga baƙaƙe masu ƙugiya ma, misali hoton ƙafa ga ƙ, na ɗaki ga ɗ, na ɓera ga ɓ.

Sharaɗin dai shi ne yaro ya san abin da aka zana. Wanda bai taɓa ganin tuffa ba zai iya kiranta tumatir ko goba, kuma bai yi laifi ba. Ƙwarya da akuya da rumbu kuwa, ko da alli aka zana su a bango, ɗan shekara 4 zai kira sunansu.