Yadda Za Ka Tsare Guzurinka A Sansanin Alhazai Da Tantunan Mina

Jama'a, kujerar Makka ba ƙaramin abu ba ce. Wani shanu ya sayar. Wani amfanin gona na shekaru ya tara. Wata kuma adashi ta yi ta zubawa har Allah ya cika mata buri. Abin baƙin ciki ne mutum ya sha wannan wahala, sannan ɓarawo ya raba shi da guzurinsa a dare ɗaya. Wanda aka sace wa guzuri hankalinsa ba ya kwanciya. Maimakon ya mai da kai ga ibada, sai ya koma tunanin abin da zai ci.

Wani zai ce, "Sata a ƙasa mai tsarki?" Ƙwarai kuwa. Ba duk wanda ya shiga taro ne ibada ta kai shi ba. A shekarar 2023 sama da mutum miliyan 1 da dubu 800 suka yi aikin Hajji. A waccan shekara ta 2023 kujeru 95,000 aka ware wa Nijeriya. Taro irin wannan ba a rasa ɓata-gari a cikinsa. Saboda haka a wannan wata za mu yi bayanin wuraren da aka fi yin asara, da yadda za a kauce mata.

Wuraren da ake kwana babu ƙofa

Wuri na farko shi ne sansanin alhazai na jiha. Nan maniyyata ke jiran jirgi, wani lokaci kwana da kwanaki. Ga 'yan rakiya, ga 'yan talla, ga masu canjin kuɗi. Ba ka san kowa ba.

Wuri na biyu shi ne Mina. Ranar 8 ga Zulhajji ake fita can. Gari ne na tantuna zalla, sun fi 100,000. A shekarar 1997 gobara ta tashi a wurin, mutum fiye da 300 suka rasu. Bayan haka aka kafa tantunan da wuta ba ta saurin ci. Duk farare ne, kamarsu ɗaya. Tanti ba shi da ƙyaure, balle kwaɗo. Mutane da yawa ke kwana a tanti guda, katifa na gugar katifa.

Wuri na uku shi ne Muzdalifa. Bayan tsayuwar Arfa, ranar 9 ga wata, nan ake kwana a fili. Kowa ya gaji liƙis, barci yana da nauyi. Daga nan a koma Mina don jifa, har ranar 12 ko 13 ga wata. Ka ga kenan, wajen kwana biyar za ka yi ba ka da ɗakin da za ka kulle.

Tun daga gida

Ka rubuta sunanka, da jiharka, da ƙaramar hukumarka a jikin kowace jaka. Jakunkunan da hukuma ke rabawa iri ɗaya ne. Sau da yawa ba sata ba ce, musanya ce. Ka ɗaura ƙyalle mai launi a hannun taka don ka gane ta daga nesa.

Ka sayi ƙaramin kwaɗo. Ka rataya makullin a wuyanka.

Ka sami ɗan littafi. Ka rubuta lambar fasfonka, da lambar wayar jami'in alhazanku, da ta wani naka a gida. Kada ka dogara da waya kaɗai. In wayar ta ɓata, lambobin sun tafi da ita.

Hajiya, ki sa a ɗinka miki aljihu daga cikin riga, mai zif. Ƙulla kuɗi a bakin zane dabarar kasuwar ƙauye ce, ba ta cunkoson Makka ba.

Ka san kuɗin da ke hannunka

Nan ne karatunmu zai yi rana. Takardun dalar Amurka duk girmansu ɗaya. Ta dala 1 da ta dala 100 ba su da bambancin tsawo ko faɗi. Macuta sun san haka. Wani zai zo da fara'a ya ce, "Baba, kawo in ƙirga maka." Sai ya zare ta 100, ya mayar da ta 1. Ba za ka farga ba sai ka je wurin canji.

Maganin abin shi ne ka dubi lambar da ke kusurwar takarda. Dala ɗaya an rubuta 1. Dala ɗari an rubuta 1 da sifiri biyu, wato 100. Sabuwar takardar dala 100, wadda ta fito a 2013, tana da shuɗin layi daga sama zuwa ƙasa. Ka ƙirga guzurinka da hannunka a gaban jami'in da ya ba ka.

Kuɗin Saudiyya kuwa sunansa riyal. Dala 1 daidai take da riyal 3 da kashi uku cikin huɗu. Dala 100 kenan wajen riyal 375. Mai canji zai ɗan rage kaɗan, ladarsa. In ka ga ragin ya yi yawa, karɓi abinka ka yi gaba. A fuska ɗaya ta riyal lambobin Larabci ne. Biyar ta Larabci kama take da sifirinmu, tana rikitarwa. Juya bayan takardar, za ka ga lambobin da ka koya a aji. Ka yi canji a shago mai izini, ba a bakin titi ba.

Haka kuma kuɗin hadaya. Kada ka miƙa wa wanda ya tare ka a hanya ya ce zai yanka maka da araha. Bi hanyar da hukumar alhazai ta bayyana, kuma ka karɓi rasit.

Kafin fita Mina

Kada ka tafi da guzurinka duka. Ɗauki abin da zai ishe ka kwana biyar. Sauran ka tambayi jami'inku inda ake ajiyar amana a masauki. Ku ƙirga tare a gaban shaida, a rubuta, a sa hannu. Tsarabar da aka saya, musamman gwal, a bar ta a kulle a masauki.

Kuɗin da ka ɗauka ma raba shi biyu. 'Yan canjin sayen ruwa da shayi su zauna a ƙaramar jaka. Manyan takardu su zauna a lalita. Ta haka ba sai ka buɗe lalita a bainar jama'a ba.

Harami ba shi da aljihu. Malamai sun yarda mai harami ya ɗaura lalitar guzurinsa. A mazhabar Malikiyya a jikin fata ake ɗaura ta, ƙarƙashin zanen harami. Malamin bita zai ƙara maka bayani.

Tun daga 2024 kowane alhaji yana da katin shaida mai suna Nusuk. Sai da shi ake shiga wuraren ibada. Ya zauna a wuyanka dare da rana.

A cikin tanti

1. Da ka sauka, rubuta lambar tantinku da ta layinku a littafinka.

2. Ka san maƙwabtanka na dama da hagu. Ku haɗa kai ku huɗu ko biyar. In wasu sun fita, ɗaya ya zauna.

3. In za ka kwanta, yi matashi da jakarka, ka sa igiyar a hannunka.

4. Kada ka jona waya a caji ka tafi. Zauna kusa da ita, ko ka bar wa wanda ka sani.

5. In ka shiga banɗaki, kada ka rataya lalita a saman ƙofa. Hannu na iya zuwa ta waje. Mantuwa ma tana ci.

6. In ka ga baƙuwar fuska tana leƙe-leƙe, yi masa sallama ka ce, "Malam, wa kake nema?" Mai gaskiya zai amsa. Marar gaskiya zai sulale.

7. A wurin jifa da ɗawafi, mai da jakarka gaba, a kan ƙirji. 'Yan sane a cikin turereniya suke aiki, wasu da reza.

Kada ka tsinci abin da ba naka ba

Ka ga waya ko jakar kuɗi a ƙasa? Wuce abinka, ko ka nuna wa ɗan sanda. A shari'a, tsintuwar Harami ba ta halatta sai ga wanda zai yi cigiya. Ban da haka, akwai na'urorin ɗaukar hoto ko'ina. Ana iya kama ka a matsayin ɓarawo alhali niyyarka taimako. Kada kuma ka karɓi ajiya ko saƙon wanda ba ka sani ba, musamman a filin jirgi. Ba ka san abin da ke ciki ba.

In tsautsayi ya faɗa

Da farko ka natsu. Duba jakarka da ƙarƙashin shimfiɗa. Kada ka yi saurin tuhumar na kusa da kai, domin zato zunubi ne. Kada kuma a taru a doki wanda ake zargi. Wannan aikin hukuma ne.

Sanar da shugaban tanti da jami'in alhazan jiharku nan take. Lambar kiran gaggawa a yankin Makka ita ce 911. In takardun shaida ne suka ɓata, jami'an Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, su za su nuna maka abin yi. Nan littafinka mai lambar fasfo zai yi amfani. Kada kunya ta sa ka yi shiru, kada kuma ka shiga bara a titi. Laifi ne a dokar ƙasar.

Waɗannan dabaru ba na mai zuwa Makka kaɗai ba ne. Mai kwanan kasuwa, da mai kwana a tasha, da ɗan cin rani, duk za su amfana. Malaman azuzuwan yaƙi da jahilci, a taimaka a karanta wannan shafi tare da ɗalibai. A rubuta 1, 10, 50 da 100 a allo, kowa ya gwada bambancewa. Kai kuma da ka karanta, karanta wa maniyyacin garinku wanda bai iya ba tukuna.

Allah ya kai alhazanmu lafiya, ya dawo da su lafiya, ya karɓi ibadarsu, amin.