Tsakanin Gidan Magajiya Da Wayar Hannu: Wanne Ya Fi Ɓarna?

Duk wanda ya saba zaman hira da yamma a unguwar Kaladan da ke Tamale, musamman in fatake sun sauke kaya daga Paga ko Bawku, ya san ba a daɗewa ba a tsine wa mata masu zaman kansu ba. Mu ma a shirinmu na rediyo haka masu bugo waya ke yi. Sai dai da mun ambaci fim ɗin batsa da ke cikin wayoyin mutane, sai murya ta yi ƙasa, a ce ai wannan kallo ne kawai.

To, anya kallo ne kawai? Ko nan ko can, jikin 'yar wani ne aka mai da haja. Bambancin shi ne, mai zuwa gidan magajiya yana tsoron a gan shi, kuma ko ba komai yana biya. Mai kallo kuwa yana cikin rumfarsa, da carbi a hannu ma wani lokaci. Karuwa in ta tuba takan canza gari, ta yi aure, zance ya mutu. Wadda aka ɗauka a bidiyo fa, ina za ta? Hotonta ya riga ta isa Kumasi da Wagadugu, kuma sau da yawa ba sana'arta ba ce: saurayi ne ya yaudare ta, ko mai gyaran waya ya kwafe.

Mun ga haka a nan Tamale a 2014, lokacin da hotunan tsiraicin wasu 'yan mata suka bazu gari ya ɗauka. A Kano ma, bidiyon wata 'yar fim da ya fita a 2007 ya sa aka dakatar da shirya fina-finan Hausa na tsawon watanni. A Wa kuwa, a 2022, sai da aka ɗaure saurayi da budurwa aka yi musu bulala a ƙofar fada saboda bidiyonsu ya fita. Dubban da suka tura wa abokansu, babu wanda bulala ta taɓa.

Sai dai a lura, doka ba ta bar mai turawa ba. Dokar manyan laifuka ta Gana ta 1960 ta hana neman maza a bainar jama'a, da buɗe gidan karuwai, da cin abinci da kawalci, kuma ita ce dai ta hana sayarwa ko rarraba kayan batsa. Wato yaron da ke zuba wa mutane irin waɗannan fina-finai a memori a bakin tasha, da kawali, doka ɗaya ce ta hau kansu. Dokar tsaron intanet ta 2020 ta ƙara da cewa wanda ya yaɗa hoton tsiraicin wani ba da yardarsa ba zai iya shan ɗaurin shekara 1 zuwa 3. Wanda ya yi barazana da hoton don ya tilasta wa mace kuwa, nasa ya fi haka nesa ba kusa ba.

Saboda haka ɗan kasuwar da aka turo wa irin wannan a zauren WhatsApp na abokan ciniki, danna "tura" ɗaya ya isa ya raba shi da rumfarsa. Wadda kuma ake yi wa barazana da hotonta, Hukumar Tsaron Intanet ta Gana tana karɓar ƙorafi ta lamba 292.