Fim ɗin Amina da idon Kanawa

Ranar 4 ga Nuwamba, 2021, kamfanin Netflix ya saki fim ɗin Amina, wanda Okechukwu Ogunjiofor ya shirya, Izu Ojukwu ya ba da umarni. Lucy Ameh ce ta fito a matsayin jarumar Zazzau, Ali Nuhu kuma ya fito da sunan Ɗanjuma. A waje fim ɗin ya samu karɓuwa, har ya ci kyautar gwarzon fim a bikin AMVCA na 2022 a Legas. Amma a Arewa, har da majalisun cikin birnin Kano, ƙorafi ya fi yabo yawa.

Wanda bai san garin ba zai ɗauka rigimar irin ta Amurka ce. A 2019, tun kafin a fara haska Captain Marvel, wasu suka yi wa shafin Rotten Tomatoes dirar mikiya suna kushe fim ɗin da ba su gani ba, saboda haushin jarumarsa Brie Larson da kalamanta, har shafin ya hana yin sharhi kan fim kafin fitowarsa. Duk da haka fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1. Can, mace a gaban mayaƙa ita ce abin cece-kuce.

A Kano ba nan gizo yake saƙar ba. Littafin Tarihin Kano da kansa ya ambaci Amina a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, kuma Sarkin Nupe ya aika mata da babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, a Infaƙul Maisuri, ya ce ta yaƙi Katsina da Kano. Wasu masana sun fi karkata ga cewa a ƙarni na 16 ta rayu, 'yar Bakwa Turunku. Saɓanin kan lokaci ne, jarumtar kuwa ba baƙon labari ba ce. Ɗan makarantar firamare ya san ganuwar Amina, ya kuma san sarakuna mata na Daura.

To me ya ɓata wa masu kallo rai? Na farko harshe. Fim ɗin da Turanci aka yi shi, sai 'yar Hausa jefi-jefi. Mutanen da suka saba jin jaruman Indiya suna magana da Hausa a fina-finan fassara sun ga abin da ban takaici a ce 'yar Sarkin Zazzau ce za ta yi musu Turanci.

Na biyu sutura da kayan yaƙi, kuma a nan Bakano ba ya buƙatar malami. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, mahaifin Dauda, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Duk lokacin da aka yi Hawan Daushe, yaron da ya tsaya a Ƙofar Kudu zai ga 'yan lifida, dawakansu lulluɓe da rigar auduga mai kauri, 'yan sulke na biye, zobban ƙarfe na ƙyalli a ƙirjinsu. Ya san yadda ake naɗa rawani, yadda dogari yake tsayuwa, yadda ake faɗuwa a gaida sarki. Idon da ya tashi da wannan nan take yake gane fadar da ba ta yi kama da tasa ba. Shigar matan fim ɗin ma ta sha suka. Masu kare shi suka ce ai ba wanda ya san ainihin abin da matan Zazzau suke sawa shekaru ɗaruruwa kafin jihadin 1804, kuma wasan kwaikwayo ba darasin tarihi ba ne. Wannan hujja tana da ƙarfi, sai dai ba ta amsa batun harshe ba.

Ba wannan ne karon farko da wasu suka ɗauki labarin ba. Roye Okupe ya ƙirƙiri Malika, sarauniyar wata daula mai suna Azzaz, a littafin zane-zane, kuma bai ɓoye cewa daga Amina ya samo ta ba. Da yake ya sauya suna bai ce tarihi yake bayarwa ba, ba a yi masa ca ba.

Tambayar da ta rage ta komo gida: me ya hana 'yan gida su yi nasu fim ɗin? Kannywood a Kano take, marinar Ƙofar Mata na nan, dukawa da masu kayan doki na Kurmi, masana tarihi na Jami'ar Bayero da Gidan Arewa a Kaduna. Fim ɗin yaƙi yana cin dawakai da ɗaruruwan mutane da watannin aiki, abin da ya fi ƙarfin furodusan da ke jiran kuɗin YouTube. Sai attajiran garin sun yarda cewa labari ma haja ce sun zuba jari, sannan za a ji Amina tana ba da umarnin yaƙi da Hausa.