Sarƙar Injin Yanka Itace: Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya duba

Duk wanda ya biyo ta Bantama a birnin Kumasi ya nufi Suwame Magazin, inda makanikai da maƙera suka yi sansani, ba zai rasa ganin injin yanka itace an baje shi ana gyara ba. Sau da yawa injin lafiya lau yake, sarƙar ce ta dakushe. Da yake 'yan uwanmu na kasuwannin iyaka irin su Paga da Aflawo suna sarin sarƙa da magagari, wasu kuma katako, mun ga ya dace mu tattauna batun.

Sarƙa mai kaifi ɓarzajen itace take fitarwa, kuma da kanta take shiga gungume. Idan ta koma fitar da gari mai laushi, ko sai an danne ta da ƙarfi, to lokacin washi ya yi. Taɓa ƙasa ko dutse sau ɗaya ya isa ya kashe kaifinta.

Da magagari mai zagaye ake washin, kuma kowace sarƙa da nata. Babbar sarƙa mai lamba .404, irin ta Stihl 070 da aka fi sani a dazukan Gana, magagari mai milimita 5.5 take so. Saboda haka wanda ya sayar wa mutum sarƙa ya haɗa shi da magagarin da bai dace ba, ya cuce shi. Ana tura magagarin daga cikin haƙori zuwa waje, ba a goga shi a dawowa, kuma yawan gugar da aka yi wa wannan haƙori ita za a yi wa wancan. In haƙoran gefe ɗaya suka fi tsawo, yanka zai karkace. Karkatar haƙori digiri 30 ce don datse gungume, masu tsaga shi a tsaye kuwa kusan digiri 10 suke yi.

Akwai ɗan tudun ƙarfe a gaban kowane haƙori, shi ke ƙayyade zurfin cizo. Masu gaggawa kan zaftare shi da yawa don aiki ya yi sauri, nan ne injin kan zabura ya dawo kan mai shi. Zuba wa sarƙa baƙin man mota kuwa, mu dai ba mu ga arharsa ba, domin ƙurar ƙarfen da ke cikinsa cin sarƙar take yi.

Masu sarin katako su lura: tun 1998 dokar Gana ta hana tsaga katako da wannan inji don sayarwa, ko da yake har yanzu shi ya cika kasuwa. Sawun sarƙa a jikin wawa ko odum ba ya ɓuya, kuma jami'an Hukumar Gandun Daji na da ikon ƙwace lodin. Kafin ka biya kuɗi a Sokoban ko Taciman, shafa katakon, sa'annan ka nemi takardunsa.